Maki 140 ɗin da na ƙara wa kaina a SAT

Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina wallahi. 1310 na ci a SAT (jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka), lissafi 690, Turanci 620, amma duk wanda ya tambaye ni sai in ce 1450. Kuma ba daga sama na tsinto lambar ba fa, na taɓa cinta sau ɗaya a gwajin da na yi a Bluebook, manhajar SAT ɗin, ina kwance a ɗaki, in na gaji in fita in sha ruwa in dawo in ci gaba. Sai na lallashi kaina cewa ai wancan ne ainihin makina, na ranar jarrabawa tsautsayi ne kawai.

Abin da ya ja ni, mu biyar muke shiri tare, ranar da sakamako ya fito wannan ya ce 1480, wancan ya ce 1500, aka zo kaina bakina ya ƙi furta 1310.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Matsalar ita ce akwai wata yayarmu da ke karatu a Amurka, ita ta ɗauki nauyin tsara min makarantun da zan nema, ta tambaye ni makina na maimaita mata ƙaryar nan ko kunya babu. Baiwar Allah ta zauna ta bi Common Data Set na makarantu ɗaya bayan ɗaya, inda suke nuna tsakiyar makin ɗaliban da suka ɗauka, ta fitar min da guda goma da suka dace da mai 1450. Akwai wasu biyu da ni na sa da kaina tun farko, masu ba da sikolashif gwargwadon maki, ta goge su ta ce "ƙanena ka fi ƙarfin waɗannan, kar ka ɓata kuɗin fom." Ina ji ina gani na yi shiru. Waɗannan biyun su ne daidai ni, 1310 ɗina a saman tsakiyarsu yake.

Sai da na zo cike Common App, fom ɗin neman shiga makarantun, na isa wajen maki jikina ya yi sanyi. A nan ba wasa, ko makaranta ta yarda ka rubuta da hannunka, in ta ɗauke ka sai ta nemi na asali daga College Board masu shirya jarrabawar, in suka saɓa tana iya janye gurbin. Na rasa yadda zan yi, sai na zaɓi kar in tura maki a duk inda aka ba da wannan damar, na ci gaba da ɓoye wa yayar tamu har ƙarshen Disamba da ta ce in turo hoton sakamakon za ta duba wani abu.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce "da tun Oktoba ka faɗa min." Shi ke nan, ko faɗa ba ta yi ba, da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Muka koma kan makarantu biyun nan, ashe neman sikolashif ɗinsu ya rufe tun 1 ga Disamba. Guda biyun da na bari aka goge saboda kar a ce na ci ƙasa.

Ƙarshen Maris tara suka ce a'a, ɗaya ta sa ni jerin jira, har yau ina jira. Shekara guda ta tafi. Na sake zama na ci 1380, wannan karon kafin ma ta tambaya na tura mata hoton, kuma yanzu duk wanda ya zo min neman shawara ya ce "kusan 1400" sai in ce malam kusan nawa, turo hoto, don shawarar mai 1390 daban take da ta mai 1320.

Shi kuwa mai 1500 ɗin nan da ya sa na kasa buɗe baki, kwanaki muna hira na tuna masa, ya kwashe da dariya ya ce 1280 ya ci.