Mai lamba 128

Daren jiya a fadarmu ta Sabon Gari, muna jiran shayi na biyu, na leƙa kwamfutar ɗan yayata. Manhajar jerin ɗalibai yake rubutawa da Java, wani yaren rubuta manhaja. Ya tsara equals tsaf, wato mai tantance ko abu biyu ɗaya ne, abokin tafiyarsa hashCode kuwa, mai ba abu lambar da za a nemo shi da ita, ko ƙurarsa babu. Na ce, "Kai, ina ɗan'uwansa?" Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Kawu, ai tana aiki."

Abin da na faɗa ke nan da bakina, lokacin da wani Alhaji mai shago kusa da Kasuwar Dole ya ba ni aikin mayar da littafin bashinsa cikin kwamfuta. Kowane mai bashi na ba shi lamba, na ajiye ta a Integer, mazubin lamba na Java, ina gwada ko biyu ɗaya ne da alamar ==. Na jarraba da mutum goma, lafiya lau, na karɓi kuɗina. Ashe Java tana da ajiyayyun lambobi daga -128 zuwa 127, duk wanda ya nemi 50 abu ɗaya ake miƙa masa, shi ya sa == ke cewa e. Daga 128 kowa sabo ake ƙera masa, kuma == ba ta duba abin da ke ciki, tambayarta kawai ita ce, shi ɗin ne ko wani? Mai lamba 128 ya zo biya, manhaja ta ce ba ta san shi ba, ta buɗe masa sabon shafi, tsohon bashi yana nan daram. Har wata dattijuwa aka aika wa yaron shago kan kuɗin da ta riga ta biya. Wannan har yau yana ci mini rai.

Na ɗora wa zafi laifi, na ɗora wa ɗaukewar wuta. Kuma a yi mini adalci, ba ni da malami, kuɗin intanet ya fi ƙarfina, bayanan duk da Turancin Ingilishi, mu kuwa Faransanci muka yi a lakwal. Sai dai gyaran da na yi ya fi ɓarnar muni, nan kam ba ni da uzuri. Na koma gwada mutane da suna, a Damagaram, inda mutum ɗaya yau Mahamadou ne, gobe Mahaman, jibi Mamane, kuma Musa uku ke bin layi ɗaya. Sannan na zuba su a HashSet, ma'ajin da ba ya ajiye abu ɗaya sau biyu, ba tare da hashCode ba. HashSet kamar kasuwa take, hashCode ke nuna rumfar da za a je, sai an isa equals ke duba fuska. In an tura ka wata rumfar, wa za ka duba? Ƙa'idar layi ɗaya ce: abu biyu da equals ya ce ɗaya ne, dole hashCode ɗinsu ya zo ɗaya. Na gan ta, na tsallake.

Na so in jero muku shawara goma, amma ku yaran yanzu wa zai karanta? Kafin ka taɓa kwamfuta, rubuta a takarda abin da ke sa mutum biyu su zama mutum ɗaya. Ka sa @Override a saman equals, alamar da ke sa Java ta tsayar da kai in ka kauce wa tsarinsa, don equals da ba Object (uban kowane abu a Java) yake karɓa ba, HashSet ba za ta kira shi ba. Ka bar manhajojin rubuta Java irin su Eclipse ko IntelliJ su rubuta maka equals da hashCode tare, sun fi ka hankali. A'a, ka fara rubutawa da hannunka, ka sha wuya tukuna, ko za ka daina kwafowa daga waya kamar mai kwasar ganima.

Na sa yaron ya ƙera ɗalibi ɗaya sau biyu ya zuba a HashSet, ya buga adadi. Aka nuna 2. Ya yi shiru, ya kurɓi shayi, ya ce, "Kawu, ina jin Java ɗin nan ce ke da matsala."