Ranar da na tsaya a ƙofar Fort Benning

Watan Nuwamba ya kama, kuma har yanzu muryoyin nan na kunnena. Lokacin ina karatu a jihar Jojiya, wata abokiyar karatuna 'yar El Salbado ta ja ni zuwa wata zanga-zanga a ƙofar barikin soja na Fort Benning. A nan makarantar da Amurka ke horar da sojojin Latin Amurka take, tun da aka dawo da ita daga Panama a 1984.

Mutane ne maƙil, kowa riƙe da farin gicciye mai ɗauke da sunan mamaci. A kira suna, jama'a su amsa "Presente", wato yana nan tare da mu. Da aka zo kan Celina Ramos, yarinyar da sojojin El Salbado suka harbe tare da mahaifiyarta Elba da limaman Katolika 6 ranar 16 ga Nuwamba 1989, sai abokiyata ta damƙe hannuna. Wallahi ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba. Da yawa daga cikin hafsoshin da aka samu da hannu a kisan, wannan makarantar ce ta yaye su.

Fada Roy Bourgeois, wani limamin Katolika, ya fara wannan gwagwarmaya ta neman a rufe makarantar a 1990. A 2001 aka sauya wa makarantar suna, ba a rufe ta ba. Ni dai ban yarda da wannan ba, an canja wa tuwo suna ne kawai. Amma Benezuwela ta daina tura sojojinta a 2004, Ajantina kuma a 2006.

Na dawo gida, har yau farin gicciyen da aka ba ni a ranar yana cikin akwatina.