Igiyar da maigidana ya yayyanka

Ɗan yayata ne ya same ni a ƙofar gida a Gwammaja bayan la'asar, riƙe da baƙar leda. Ya gaishe ni, ya zauna, sannan ya zazzage ta a kan tabarma: ɗamarar hawa ta gwanjo, ƙugiyoyi huɗu masu ƙyalli, da shuɗiyar igiya irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan mota. Ya ce, "Kawu, hawan dutse nake so in fara. Tunda kai hawa ne sana'arka, duba min waɗannan, ka gaya min abin da ya rage in saya."

A waya ya ga abin, tun lokacin da aka sa hawan bango cikin wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021. Ni kuwa ba ɗan wasa ba ne. Ƙarfen sabis nake hawa, ina ɗaura eriya ina jan waya, yau shekara goma sha ɗaya. Amma igiya ce ke riƙe da ni da mai hawan dutse, ƙasar da za mu faɗo a kai ma ɗaya ce.

Na ɗauki ƙugiya ɗaya na juya ta a hannu. Babu nauyi, babu rubutu ko ɗaya a jikinta. Ta biyu tana da ɗan rubutu da Turanci, cewa ba ta hawa ba ce. Ƙugiyoyin rataya mukulli ne. Na shiga ciki na ɗauko tawa, wadda muke kira karabina, na nuna masa gadon bayanta. Akwai lambobi uku a jiki, kowace da alamar kN, wato ma'aunin ƙarfi. Ta farko ita ce ƙarfinta idan an ja ta a tsaye bakinta a rufe, kuma irin wadda aka saba hawa da ita ba ta yin ƙasa da 20, wato kusan nauyin tan biyu. Sauran biyun, ƙarfinta ne idan ta juya a kwance ko bakinta ya buɗe, a nan sai ka ga ya faɗo wajen 7. Ƙarfe ɗaya ne, amma juyawa kaɗan ta cinye kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Ban da lambobin, ana neman alamar inganci ta Turai, wato CE, ko ta UIAA, ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya da aka kafa a Faransa a 1932.

Ɗamarar ce ta fi tayar min da hankali, domin ta gaske ce, kuma ga kyau. Ya ce ai kamar sabuwa take. Wannan maganar ce ta tuna min da shekarata ta farko a aiki.

Mun je wani wurin aiki a bayan gari, muka bar igiyarmu a bayan mota tare da tsofaffin batura da aka cire. Ɗaya ya karkace a hanya, ruwansa ya ɗan tsiyaya. Igiyar ba ta cika wata biyu a hannunmu ba. Na warware ta, na bi ta da yatsu daga farko har ƙarshe kamar yadda aka koya min, ban ji kumburi ba, ban ga zare ya tashi ba. Na ce, "Oga, lafiyarta lau." Maigidana bai ce komai ba. Ya zaro wuƙa ya tsuguna a gefen mota, ya shiga yayyanka ta, kamu ɗaya ɗaya. Zuciyata ta yi zafi, domin kuɗin igiyar nan ya fi albashina na wata a lokacin. Na roƙe shi ya bar min ko don guga. Ya ɗago ya ce, "Yau guga za ka ja da ita. Gobe wani ya gan ta a rataye, ya ɗauka ya hau."

Daga baya na fahimci dalilinsa. Igiyar hawa da ɗamara da nailan ake yin su, ruwan batir kuwa yana cinye nailan ta ciki ba tare da ido ya gani ba. Rana ma tana ci, tsufa yana ci. Masu ƙera su da yawa sun ce ko a ajiye suke ba a taɓa amfani da su ba, kada su wuce shekara 10. To ɗamarar gwanjo, wa ya san shekararta? Wa ya san a gefen me ta kwana kafin ta shigo dila? Riga da wando ka saya a Ƙofar Wambai ka sa abinka, ni ma ina saya. Abin da zai riƙe ranka kuwa, sai wanda ka san tarihinsa tun daga ranar da aka ɓare ledarsa. A 2006 wani gwanin hawa ɗan Amurka, Todd Skinner, ya rasu a duwatsun Yosemite na Amurka saboda madaukin ɗamararsa da ya tsufa ya tsinke yana saukowa. Mutumin da ya fi mu sanin dutse nesa ba kusa ba.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, ka ara min igiyarka ta aiki mana."

Nan ma na ce a'a, kuma ba rowa ba ce. Igiyar da muke aiki da ita ba ta miƙewa sosai, an yi ta ne don ka rataya a jikinta ka yi aiki ko ka sauko. Mai hawan dutse kuwa faɗuwa na cikin lissafinsa, shi ya sa tasa take miƙewa kamar roba, ta shanye girgizar kafin ta kai ƙugunsa. A gwaji, ana ɗaura mata nauyin kilo 80 a sake shi daga sama, dole ta jure aƙalla sau biyar, kuma fizgar farko kada ta wuce kN 12. Idan ka faɗo mita biyu ko uku a kan wadda ba ta miƙewa, igiyar na iya tsira, bayanka ne zai biya. Yawanci mai farawa yana neman mai tsawon mita 60, kaurinta wajen milimita 10.

Amma na ce masa kada ya sayi igiya yanzu. Ya fara da hawan ƙananan duwatsu, waɗanda ba su fi mita uku ko huɗu ba, inda ba a bukatar igiya. Takalmin hawa mai roba a ƙasa, wanda ya kama ƙafa ba tare da ya gasa yatsu ba. Garin alli don gumin tafin hannu. Katifa mai tauri a ƙasa, da aboki tsaye a baya yana tare masa kai da kafaɗa. Idan ya kai ga hawa da igiya, hular kwano ta hawa ce farko, ba ta babur ba, sai sabuwar ɗamara, sai ƙarfen da abokin hawa ke riƙe masa igiya da shi, da karabina mai kullewa.

Shi a ransa Dala zai fara hawa ta gefe, tunda ga ta nan muna hango ta. Dala da Goron Dutse marmara ce, tana marmashewa a hannu, ga gidajen mutane a gindinsu. A hau Dala ta matakala a kalli birni, ya isa. Dutse mai tauri yana wajen Rano, da Dutse ta Jigawa, da Kufena a Zariya. Can ɗin ma sai an gaida mai unguwa an nemi izini, an tambayi mutanen wurin inda zuma take, a kuma je da hunturu ko da sassafe, domin a watan Afrilu dutse ba ya taɓuwa da hantsi.

Abin da na fi daɗewa a kai shi ne ƙulli. A wurin aikinmu ba wanda ke ɗaga ƙafa sai abokinsa ya kama ɗamararsa ya ja, ya duba ƙulli, ya murɗa karabina ya ji ta kulle. Maigidana, da furfurarsa, yakan tsaya gabana ya buɗe hannuwa in duba shi, ni da ban fi wata shida ba. A 1989 Lynn Hill, wadda tana cikin gwanayen duniya a lokacin, ta faɗo daga sama da mita 20 a Buoux ta Faransa saboda hankalinta ya ɗauku ba ta ƙarasa ƙullinta ba. Allah Ya yi da sauran kwana, reshen bishiya ya rage mata faɗuwar.

Na yanko masa kamu biyu daga wata igiya da na daina hawa da ita, na nuna masa ƙullin takwas, mai siffar lamba 8, yadda ake zana shi sannan a bi sawunsa a dawo. Ya yi, ya karkace. Ya kwance ya sake. Har aka kira magariba yana kai. Na ce ya je ya yi ta yi har ya iya ido a rufe, ya kuma nemo wanda za su riƙa zuwa tare, in koya musu su biyun lokaci guda.

Da zai tashi ya kai hannu zai mayar da ɗamarar cikin leda. Na ce ya bari. Na aika aka karɓo min almakashin mahaifiyar yara, na miƙa masa, na ce shi zai yanka da hannunsa. Kuɗin da ya kashe a kanta ni na biya shi.