Mu huɗu a gaban allo ɗaya

Asabar, ƙarfe ɗaya saura na dare.

Barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na tashi zaune in rubuta tun abin yana da zafinsa. Yau ne dai muka kalli fim ɗin tsoro mai suna Terrifier 2, bayan Yaya ya shafe makonni yana yi mana naci a kansa. Mu huɗu ne: ni, da Yaya, da wani abokinsa da suka yi makaranta tare, sai Auta da ta zo hutu daga makarantar koyon aikin jinya. Tsawon fim ɗin minti 138 ne, gardamar da ta biyo bayansa kuwa saura kaɗan ta kamo shi.

Tun da rana Yaya ya fara share fage. Shi ba ya zama kallon fim sai ya haddace tarihinsa. Ya ce a watan Oktoban 2022 aka sake shi a Amurka, kuɗin da aka kashe masa bai wuce kimanin dala 250,000 ba, masoyan kashi na farko na fim ɗin ma sun yi karo-karo ta intanet don a samu a yi shi, amma ya tashi da wajen dala miliyan 15. Babban abin da ya tallata shi kuma shi ne labarin da ya bazu cewa mutane suna suma, wasu suna amai a gidajen sinima. Yadda Yaya yake faɗin wannan da fara'a, kamar mai ba da labarin ɗalibin da ya zo na ɗaya, tun nan na fara jin wani iri a raina.

Na taɓa kallon na farkon, wanda aka yi a 2016, kuma bai burge ni ba. Mutane ne kawai ake shigo da su don a kashe, kafin ka riƙe sunan mutum an gama da shi. Gaskiya na biyun ya fi shi nesa ba kusa ba, saboda akwai wadda za ka damu da ita. Sienna yarinya ce da mahaifinta ya rasu ya bar mata zane-zanensa, tana zaune dare da rana tana haɗa kayan da za ta sa a daren Halowin (bikin da ake yin shigar ban tsoro), fukafukai da sulke, ga ƙaninta da take ta faman karewa. Duk lokacin da aka nuno ta sai in ji na gyara zama.

Inda ɗakin ya rabu biyu shi ne wurin da Art, ɗan wasan barkwancin nan mai farar fuska da ba ya magana, ya ritsa ƙawar Sienna a ɗakin kwananta. Ba zan rubuta abin da ya yi mata ba. Abin da zan rubuta shi ne abin da na gani a gefena. Abokin Yaya, wanda tun farko shi ya fi kowa dariya, sai na ji ya yi tsit. Na waiga na ga yana murza tafin hannuwansa a gwiwa, gumi ya tsattsafo masa a goshi alhali fanka na kaɗawa. Can ya miƙe ya ce bari ya amsa waya, wayar kuwa tana hannunsa ko haske ba ta kawo ba. Bai kai ƙofa ba ya dafa bango. Auta ce ta yi wuf ta tare shi, ta ce, "Kwanta nan ƙasa, ɗora ƙafafunka a kan kujera." Aka tsayar da fim ɗin kusan minti 10.

Da ya dawo hayyacinsa kunya ta kama shi, sai Auta ta kwantar masa da hankali. Ta ce wannan ba ragwantaka ba ce, haka jikin wasu yake: ganin jini ko rauni yana sa bugun zuciya ya yi sanyi, jijiyoyin jini su saki, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai mutum ya ga duhu-duhu. Ta ce ko a cikin 'yan ajinsu akwai waɗanda haka ta faru da su ranar farko da aka shiga da su ɗakin tiyata. Na ji daɗin yadda ta yi masa bayanin, ba tare da ta bar Yaya ya samu kafar tsokanarsa ba.

Mun ƙarasa kallon mu uku, abokin Yaya yana zaune ya ba allon baya. Ana gamawa aka ɗora gardama.

Yaya ya tsaya kai da fata cewa gwaninta ce. Ya ce Damien Leone, wanda ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni, shi ne da hannunsa yake ƙera yawancin raunukan nan da roba da jinin bogi, ba aikin kwamfuta ba ne. Shi in yana kallo, wai kamar yana gaban mai siddabaru ne, tambayar da ke ransa kawai ita ce yaya aka yi wannan. Ya ƙara da cewa son ganin irin haka ba yau aka fara ba: a birnin Faris an yi wani gidan wasan daɓe mai suna Grand Guignol, daga 1897 har 1962, sana'arsa ke nan, yanka da ƙwaƙule ido a gaban 'yan kallo, kuma mutane na biyan kuɗi su shiga.

Abokinsa ya ce shi duk bai musa ba, tambayarsa ɗaya ce: me yarinyar ta yi, kuma me labarin ya ƙaru da shi da aka ja abin har haka? Yaya ya buɗe baki ya rufe. Daga baya ya ce ai rashin dalilin shi ne abin tsoron. Ban yarda da wannan amsar ba, kuma na ga shi ma bai gama yarda da ita ba.

Maganar Auta ce ta fi tsaya mini. Ta ce ita jinin ko a jikinta, ya yi yawa ya yi ja fiye da kima, duk wanda ya taɓa wanke rauni na gaske ya san ba haka yake ba. Inda hawaye ya zo mata shi ne lokacin da uwar yarinyar ta turo ƙofa ta tarar da 'yarta a haka, da sauran numfashi. Ta ce ta taɓa ganin irin wannan fuskar a bakin ɗakin marasa lafiya, kuma ba ta ga abin nishaɗi a cikinta ba. Daga nan ɗakin ya yi shiru na ɗan lokaci.

Da aka juyo kaina na ce musu ni a wurin nan tsoro ya bar ni. Minti na farko gabana yana faɗuwa, ina fatan ta kuɓuta. Da na gane ba za ta kuɓuta ba, kuma kyamarar ba ta da niyyar kau da kai, sai faɗuwar gaban ta tsaya, tashin zuciya ya maye gurbinta. Na koma jira kawai a wuce wurin. Tsoro yana buƙatar ka riƙa tsammanin wani abu, ƙyama kuwa rufe ido kawai take sa ka yi. Na tuna musu wurin da aka daɓa wa wata mata wuƙa tana wanka a Psycho, fim ɗin darakta Hitchcock na 1960: baƙi da fari ne, ba ka ma ganin raunin sosai, amma mutane sun daɗe suna waiwaye in sun shiga banɗaki. Yaya ya ce zamani ya canza, idon 'yan kallo ya ƙeƙashe. Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma ita ce take damuna. Duk fim ɗin da ya yi suna da zubar da jini, ci gabansa ba shi da wata hanya sai ya ninka, don waɗanda suka dawo sun dawo ne su ga abin da ya fi na da. Na ukun da ya fito a 2024 har sai da Faransa ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga kallonsa, kuma Yaya yana lissafa wannan ma a cikin nasarorinsa.

Da za a watse Yaya ya ce to Asabar mai zuwa sai na uku. Abokinsa ya ce a kai kasuwa. Auta ta ce ita za ta zo, amma in an kai irin wancan wurin za ta tashi, kuma kada wanda ya ce mata komai. Ni ban ba shi amsa ba tukuna.

Yanzu da gida ya yi shiru, ba ɗakin kwanan nan ne yake dawo mini ba. Wurin da Sienna ta shiga shagon kayan Halowin ne, Art yana tsaye a gefe yana gwada tabarau iri-iri, yana kallonta yana murmushi, bai taɓa ta ba, bai ce uffan ba, ita kuma tana ta sauri ta biya ta fita. Babu ɗigon jini ko ɗaya a lokacin. Sau biyu ke nan ina tashi in duba ko na kulle ƙofa, kuma fitilar baranda yau a kunne za ta kwana.