Yadda na daina ganin hulata a jikin zobban Kawu

Zobba 14 na azurfa Kawu ya zubo min a kan tsumma wata ranar Asabar, ya ce tunda kullum wayar nan tana hannuna, in ɗauke su hoto in ɗora a WhatsApp ko Allah zai kawo ciniki. Rumfarsa a Kasuwar Kurmi take, wajen masu kayan azurfa da tagulla. Wanda ya san Kurmi ya san lungunanta, kasuwa ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, matsattsiya, rana ba ta cika leƙa cikin rumfa ba. Don haka na kunna filasha na ɗauka. Da muka duba, kowane zobe farin tabo ne ƙal a tsakiya, gefe kuma duhu, zanen da maƙeri ya sha wahala a kai duk ya ɓace. Na kashe filasha na fito bakin rumfa. Wannan karon zoben ya fito, amma ga ni nan a jikinsa da jar hulata, ga wayata, ga rufin kwanon maƙwabci.

Kawu ya karɓi wayar, ya ɗan nisanta ta da idonsa, ya ce, "To zoben za mu sayar ko kai?"

Na tafi da su gida. Washegari da tsakar rana na hau saman soro, a zatona ƙarancin haske ne matsalar. Abin sai ya ƙara lalacewa, ƙyallin har kashe ido yake.

A bayan cokali na gane inda gizo ke saƙar. Ina shan koko na juya cokalin, sai ga ɗakin Umma gaba ɗaya a ciki: taga, fanka, labule, da ni mai ƙaton hanci. Ashe ƙarfen da aka goge madubi ne, kuma lanƙwasasshen madubi kusan duk abin da ke kewaye da shi yake kwasowa. Atamfa ko fata suna watsa hasken da ya sauka a kansu ta ko'ina, shi ya sa ba su da wahalar hoto. Ƙarfe mai santsi kuwa, yadda haske ya sauka a karkace haka yake tashi a karkace ta ɗaya ɓangaren. Filasha tana maƙale da idon kyamara, don haka haskenta kai tsaye yake dawowa. Farin tabon nan hoton filashar ne da kanta. Ita ma rana, duk girmanta, nisa ya sa da babban yatsa za ka rufe ta, saboda haka ɗigo ɗaya mai zafi take zama a jikin zobe. Kenan ba zoben zan yi ta wa dabara ba, abin da zoben yake kallo zan gyara.

Masu sana'ar hoto suna da wani ɗan akwatin farin yadi da suke kira tantin haske. Ni da kwali na yi nawa. Na karɓo kwalin sabulu a shagon unguwa, faɗinsa kamar santimita 40, na kwantar da shi bakinsa na kallona, na sa reza na yanke taga a dama da hagu da sama, na bar gefe mai faɗin yatsu biyu don kada ya lanƙwashe ya zube. Na sayo farin yadi mara kauri a Kantin Kwari na rufe tagogin. Umma da ta gan ni da farin yadi da reza sai da ta yi salati, ta ce in fita mata da shi tsakar gida. A ciki na shimfiɗa farar takarda mai kauri, daga saman bango ta gangaro ƙasa a lanƙwashe ba tare da na karya ta ba, don kada layi ya fito a bayan zobe.

Kuskuren farko a ƙwayayen lantarki na yi shi. Na ciro ɗaya a zaure, ɗaya a bayi, ban lura ɗaya mai ja-ja ba ne, ɗaya fari mai shuɗi-shuɗi. Zoben ya fito rabi kamar gwal, rabi kamar an tsoma shi a shuni. Wata Hajiya ta turo saƙo tana tambaya ko ruwan gwal aka yi masa. Lambar da ke nuna launin hasken tana nan rubuce a jikin kwalin ƙwan, mu ne ba ma dubawa: 2700K shi ne mai ja, 6500K mai farin sanyi, hasken rana da hantsi kuma wajen 5500K yake. Na shiga Sabon Gari na sayo biyu iri ɗaya sak, na LED, domin tsohon ƙwai mai zafi kusa da yadi da kwali neman gobara ne. Fitilar ɗaki kuma kashe ta nake, in ja labule, kada wani launi ya yi min kutse.

Sai nisan fitila da yadi. In ka manna ta, wuri ɗaya ne yake haske, tabon ya dawo. In ka ja ta baya kamar taƙi biyu, yadin gaba ɗaya ya zama fitila guda mai faɗi, hasken ya kwanta a jikin zobe kamar madara. Amma akwai kuɗin da ake biya: in ka ninka nisa sau 2, kashi 1 cikin 4 na hasken ne yake isowa. Waya sai ta riƙa jinkirin ɗauka, hannu kuma ba ya rasa rawa. Na jingina ta da littattafai, na saita ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka.

Wani dare kuma wasu baƙaƙen layuka suka riƙa ratsa hoton, har na ɗauka wayar ce ta lalace. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwai mai araha kuma yana ƙiftawa da ita, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Saita saurin ɗauka a 1/50 na daƙiƙa ya rage abin. Daga baya ma na koma fitilu masu caji guda biyu, in ƙure haskensu, ba ƙiftawa, kuma ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba.

Bakin kwalin da nake leƙawa shi ma yana fitowa a zoben, baƙin rami da ni a ciki. Na toshe shi da farar takarda, na huda daidai idon kyamara, na ja wayar baya na zuƙo hoton. Abin da ya rage ɗan ɗigo ne da sai an nema.

Ranar na yi ta murna. Babu ƙyalli, babu hula, babu inuwa. Na kai wa Kawu ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai dalma ce. Wa zai ba ka kuɗin azurfa a kan wannan?"

Na ji haushi, amma gaskiyarsa. Zoben ya zama fari fat daga sama har ƙasa, ba a gane inda ya ƙare da inda takarda ta fara, kai ka ce da alli aka sassaƙa shi. Ashe ido yana gane ƙarfe ne ta wurin fari da baƙi da suke gudu a jikinsa kafaɗa da kafaɗa. Na kore baƙin duka, na kore ƙarfen tare da shi. Sai na yanko baƙar takarda, faɗin yatsu biyu, na tsayar da ita cikin kwalin ta hagu, inda kyamara ba ta kama ta. Ina matsar da ita kaɗan-kaɗan idona na kan waya. Can sai ga wani siririn baƙin layi ya biyo gefen zoben, ya lanƙwasa da shi, ramukan zanen suka yi zurfi, zoben ya tashi daga takarda. In na matso da ita da yawa, rabin zoben ya yi baƙi kamar ya sha hayaƙi. In na ja ta da nisa, dalmar Kawu ta dawo. Tsakanin nan bai fi faɗin farce ba, kuma kowane zobe da inda yake so. Har yau nan nake cin lokaci, wani zoben minti 2, wani sai na yi kwata ina lallashi.

Akwai wani gilashi da ake maƙala wa idon kyamara, ana juya shi yana kashe ƙyalli. Na saya da zumuɗi. A kan gilashi da ruwa da dutsen kan zobe yana aiki, amma a kan tsiraicin ƙarfe kusan babu abin da yake tsinanawa. Yana nan a aljihun jaka.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su suke sa a sake aiki. Waya in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, takarda ta koma ruwan toka, sai ka taɓa zoben a fuskar wayar ka ɗan ja hasken sama, ba da yawa ba. Da hunturu kuwa, ƙurar Kano ba ta da kunya: ka goge zobe, ka juya ka gyara fitila, ta sauka, kuma a hoto kowace ƙwaya sai ta fito kamar tsakuwa. Shatin yatsa ma haka, yanzu da tsumma nake ɗaukarsu. Tsayar da zobe a tsaye Kawu ne ya warware min, ya gutsuro kakin zuma kamar ƙwayar gero ya ce in liƙa a ƙasa. Wanda yake da hatimin 925 a ciki kuma, wato alamar ingancin azurfa, ina yi wa hatimin hotonsa daban, don shi masu saye daga nesa suke fara tambaya.

Jiya da yamma ya aiko yaro da wani faranti na tagulla, faɗinsa ya kusa kamu guda, wai shi ma a yi masa irin na zobba. Na ɗaga shi, ga tsakar gidanmu duka a ciki har da igiyar shanya. Na aika ƙanena wajen masu sayar da firji ya tambayo ko suna da kwalin da ba sa so.