Abin da Na Faɗa wa Ƙanena Kafin Ya Taho Madina

Makonni uku da suka wuce ƙanena ya kira ni daga Kano cike da murna, ya ce sunansa ya fito cikin waɗanda Jami'ar Musulunci ta Madina ta bai wa gurbin karatu. Bayan mun yi wa Allah godiya, sai ya shiga jero mini tambayoyi a kan fasfo da biza da fassarar takardun shaida, har da ko ana samun daddawa a nan. Da ya gama na tambaye shi yaushe rabon da ya je wurin likita da ƙafarsa, ba don zazzaɓi ya kwantar da shi ba. Ya ce, "Yaya, ai lafiyata ƙalau." Amsar da ni ma na bayar ke nan shekara huɗu da suka wuce.

Lokacin da nake shirin tahowa, na ɗauki binciken lafiya a matsayin takarda ɗaya cikin takardun da ake tarawa. An ɗebi jinina, an ɗauki hoton ƙirjina, an tabbatar ba ni da tarin fuka ko ciwon hanta, na naɗe sakamakon na sa a jaka. Ban lura ba cewa an tsara wannan gwajin ne domin ƙasar da za ta karɓi baƙo ta kare jama'arta daga cututtuka masu yaɗuwa, saboda haka babu ruwansa da haƙori ko ido ko gyambon ciki. Ina da wani haƙori mai kogo da na daɗe ina lallaɓawa da kanumfari, kuma a watana na biyu a sashen koyon Larabci ya tashi mini cikin dare, a lokacin da harshena bai kai in bayyana wa likita irin zugin da nake ji ba. Mako guda na karatu ya salwanta a kan abin da zama ɗaya a gida zai iya magancewa.

Don haka na ce masa ya fara da likitan haƙori da na ido, sannan ya yi rigakafin shawara da na sanƙarau da wuri, domin dukansu suna bukatar aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Na shawara, tun shekarar 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, abin da ya rage shi ne adana katin. Na sanƙarau kuwa ɗalibin Madina ya fi kowa bukatarsa, tunda kullum yana sahu ɗaya da baƙi daga ko'ina a duniya a Masallacin Annabi (SAW).

Na matsa masa a kan gwajin sikila fiye da komai. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar halittar, kuma da yawa ba su sani ba sai an zo maganar aure. Bakano yana ganin ya san zafi, amma zafinmu na Afrilu damina tana zuwa ta karya shi, alhali a Madina watannin Yuni zuwa Agusta zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum, iska a bushe, gumi yana ƙafewa kafin mutum ya ankara cewa ruwan jikinsa yana raguwa. Wanda ya san jininsa zai san yadda zai riƙe gorar ruwa da muhimmanci. Haka kuma idan zazzaɓi ya kama shi a makonnin farko, ya gaya wa likita daga inda ya fito, domin cutar cizon sauro tana iya biyo mutum a cikin jini.

Game da magani, kada ya ɗauko komai sai da takardar likita, musamman Tramadol da maganin tari mai kodin, waɗanda hukuncinsu yake da tsanani a nan. Goro ma an hana shigo da shi. Kada kuma ya karɓi saƙon da bai buɗe da hannunsa ba, ko daga wa ya fito.

Akwai ɓangaren da ban iya faɗa masa a waya yadda nake so ba. Ni na ɓatar da makonnina na ƙarshe a gida tsakanin ofisoshi da kasuwa, ina dawowa dare a gajiye, har ranar tafiya ta zo ban zauna da Inna zama na natsuwa ba. Sallamarmu a ƙofar gida aka yi ta, mota tana jira. Wannan ya fi haƙorin damuna, domin a daren farko na azumi, ina tsakiyar dubban mutane a Harami, kewarta ta hana ni cin dabinon da ke hannuna. Na roƙe shi ya ware kwanaki uku da ba zai fita ko'ina ba, ya je ƙauye ya gaida Kaka, ya nemi yafiyar wanda suka saɓa, ya biya ɗan bashin da ke kansa, ya kuma tsayar da rana ɗaya a mako ta kiran gida, yana tuna cewa agogonmu na nan yana gaban na Kano da awa biyu.

Jiya ya aiko mini da hoton katin rigakafinsa, ya ce ranar Litinin zai ga likitan haƙori, Alhamis kuma zai raka Inna ƙauye.