Masu tambaya nawa gwamnati ke biyan mu a renon yara, ga lissafin

Duk wadda ta ji cewa renon yara nake yi a gida da lasisi, tambayar farko da take min ita ce "wai nawa gwamnati ke baku kan kowane yaro?" wasu ma har da cewa ai mu mun huta, muna zaune a falo dala na shigowa. Hmm. Bari in faɗi yadda abin yake a nan New York inda nake, don na ga 'yan uwa mata da yawa a Bronx, 'yan Ghana da 'yan Nijar da namu na Najeriya, suna haramar shiga harkar, kuma lissafin da suke yi a baki ba shi ne na takarda ba.

Da farko dai tallafin ba naki bane, na iyayen yaro ne. Iyaye masu ƙaramin ƙarfi da ke aiki ko karatu ake ba baucha, wato takardar tallafin kuɗin reno, su zaɓi inda za su kai ɗansu, sai a biya mai renon. Tushen kuɗin wata dokar tarayya ce ta 1990 da ake kira CCDBG, aka sabunta ta a 2014, jihohi su ɗora nasu a kai, kuma kowace jiha ita ke yanka nata farashin, shi ya sa in kin tambayi mai reno a Ohio ko North Carolina abin da za ta faɗa miki daban ne da nawa kuma ba ƙarya take ba. Yaro sai wanda bai kai shekara 13 ba, samun gidansu kuma kar ya haura kashi 85 cikin ɗari na matsakaicin samun iyali a jihar.

To ya ake yanka farashin? Jiha ce ke bin masu reno tana tambayar nawa suke karɓa a hannun iyayen da ke biya daga aljihunsu. A ce an jera gurbin yara 100 daga mafi araha zuwa mafi tsada, sai a zaɓi wani mataki a ce nan ne iyakar abin da za mu biya. Gwamnatin tarayya shawararta a tsaya a na 75, don yaron talaka ma ya samu shiga uku cikin huɗu na wuraren da ke garin. Jihohi da yawa sun daɗe ba su kai nan ba. New York ta ɗaga nata zuwa na 80 a 2022, wannan kam alhamdulillah mun gani a ƙasa. Kuma ba lamba ɗaya bace, jadawali ne guda, farashin jariri daban, na ɗan shekara uku zuwa biyar daban, na 'yan makaranta daban, na babbar cibiya ya fi na mai reno a gida, mai lasisi ta fi wadda ke riƙe jikanta ko ɗan maƙwabciya ba lasisi, sannan an kasa jihar yanki yanki.

Inda mutanenmu suka fi asara shi ne nan. Wancan farashin na jiha iyaka ne kawai, ba alkawari bane. Abin da za a biya ki shi ne wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin naki farashin da nasu. A ce iyakar jiha dala 300 ce a sati, ke kuma kin rubuta 220 a fom saboda haka kike karɓa a hannun 'yar garinku, to 220 ɗin za su baki, ragowar 80 ba wanda zai kira ki ya ce Hajiya kin bar kuɗi. Ki lissafa yara shida, ki lissafa sati 52, ki ga abin da kunya ta ci.

Ni Allah ya taimake ni kafin in cike fom ɗina na je wajen wata dattijuwa 'yar Kumasi da ta daɗe a sana'ar. Ta sa tabarau ta duba abin da nake shirin rubutawa, ta ajiye takardar a cinya ta ce "ƴata, sadaka kika zo yi ko sana'a?" Na ce Mama ai mutanenmu ba su da shi, in na sa da tsada za a ce na zama baturiya. Ta ce "in za ki yi alheri ki yi shi da saninki, amma farashi farashi ne, ki buga shi a takarda ki manna bakin ƙofa kowa ya gani." Kuma ta ja min kunne kan abu guda, ba a yarda ki caji mai baucha sama da abin da kike cajin mai biya da kansa ba. Wato ba za ki rubuta 300 wa gwamnati ki koma kina karɓar 150 a bayan fage ba, ranar da aka zo bincike ke za ki sha. Don haka sai kin zauna kin yanke farashi na gaskiya wanda za ki iya tsayawa a kai ko gaban wa.

Mu na Bronx akwai wata 'yar sa'a da muke da ita, an haɗa dukkan birnin a yanki ɗaya, mu da su Manhattan da Brooklyn, don haka iyakar takan ɗara abin da iyayen unguwarmu za su iya fitarwa. Amma ki duba masu reno a ƙauyuka da ƙananan garuruwa inda kowa talaka ne. Mai reno ta sa araha don iyaye ba su da shi, bincike ya zo ya ɗauki arahar nan ya ce ai farashin kasuwa kenan, jiha ta biya daidai da shi, ita kuma ta kasa ɗaukar mataimakiya balle ta gyara gida. Kamar mai auna hatsi ne da mudun da ya lotse, duk yadda aka cika shi ba zai kai ba. Wannan ne babban abin da ke damuna da tsarin gaba ɗaya, abin da iyaye ke iya biya yake aunawa, ba abin da renon yaro ke ci ba. Shi ya sa in takardar binciken farashi ta zo ko suka bugo waya ban taɓa sharewa ba, ina faɗa musu cikakken farashina, don amsar da muka bayar yau da ita za a biya mu gobe.

Sai kuma jinkiri. Farashin da aka tattara bana ba bana zai fara aiki ba, kuma in ya fara zai zauna a haka har sai an sake wani binciken, alhali kuɗin haya da wuta da inshora da madara ba sa jiran kowa. Mafi ƙarancin albashi a birnin nan a da dala 15 ne a awa, ya koma 16 a Janairun 2024, ya koma 16.50 a Janairun 2025. Mai ƙaramin lasisi yara 6 aka yarje mata da ƙarin 'yan makaranta 2, mai babban lasisi 12 da ƙarin 4 amma dole da mataimakiya. Kuma yaran da ba su kai shekara biyu ba, kowane biyu sai da babba guda a kansu. To kinga farashin jariri ya fi tsoka a takarda, kowa idonta na kai, amma jariri na uku yana shigowa kin ɗauki ma'aikaciya kenan, in kika buga albashinta na sati sai ki ga kuɗin jaririn bai ma rufe shi ba. Ni yanzu kafin in ce to ga uwar jariri sai na ɗauko kalkuleta, ko da kuwa da kuka ta zo.

Kuɗin ma sai kin gama aikin wata kin tura lissafin halarta sannan ya fito, saboda haka duk mai shiga ta tanadi abin da zai riƙe ta a farko. A 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar cewa a riƙa biya bisa rajistar yaro ba bisa zuwansa ba, kuma a biya tun kafin aiki, amma jihohi da yawa sun nemi a ɗaga musu ƙafa, don haka kar ki gina kasafinki a kan abin da kika karanta a Facebook. A nan ana biyan ranakun da yaro bai zo ba har 80 a shekara, yana taimakawa sosai lokacin mura. Mu kuma muna da namu na daban, da an yi hutun makaranta sai uwa ta kwashe yara a tafi Kumasi ko Yamai ko Kano wata biyu, ta ce "Anti ki riƙe mana wurinmu fa". Wannan tun kafin a sayi tikiti nake zama da ita mu yi shi a rubuce.

Littafin halarta kuwa ba na wasa da shi. Yana kan ɗan teburin bakin ƙofa da biro ɗaure da zare, uwa ta shigo da ƙarfe bakwai saura tana sauri za ta kama jirgin ƙasa, jaka a kafaɗa yaro na riƙe mata zani, sai na tare ta ta sa hannu da lokaci. Suna jin haushi wani lokacin, amma ranar da aka ce kawo shaida wannan littafin ne kaɗai zai yi magana.

Ita baucha ta wata 12 ce, sai an sabunta. Akwai wata baiwar Allah mai aikin jinyar tsofaffi a gida, wasiƙar sabuntawa ta zo ta jefa cikin tarin takardu ba ta buɗe ba, ni kuma ina ta riƙe mata yarinya, sai da lissafin wata ya fito na ga babu sunanta. Kafin a gyara an ɗau makonni, kuma na wannan tsakanin ban samu ba, ita ma ba ta da abin da za ta bani, me zan ce mata. Tun daga nan ranar ƙarewar kowace baucha tana rubuce jikin firij ɗina, saura wata biyu na fara damun uwa, in Turanci ne matsalar mu zauna bayan magariba mu cike tare. Kason da iyaye masu baucha ke biya daga aljihunsu ma, wanda a nan ɗan kaɗan ne, ina karɓa duk sati in ba da rasit, don in kika bari ya taru kunya ba za ta barki ki tambaya ba.

Abubuwa biyu da ke ɗan cike giɓi: shirin abinci na tarayya, CACFP, yana mayar da kuɗin abinci biyu da abin taɓawa ɗaya a rana kan kowane yaro, in kin bi ƙa'idarsu ta madara da kayan lambu da hatsin da ba a cashe ba, kuma ba ruwansu da cewa naman halal kike saya. Sai ɗan ƙarin da ake yi wa masu karɓar yara da dare ko ƙarshen mako. Haraji kuma ba a cire miki, ke za ki ware, na mai zaman kanta kaɗai kashi 15.3 ne, amma ana rage miki wani kaso na haya da wuta tunda gidan ne wurin aiki.

Lokacin korona an zuba dala biliyan 24 don kar gidajen reno su rufe, wasu suka ɗauka haka za a dawwama suka ƙara ma'aikata, kuɗin ya ƙare ƙarshen Satumban 2023. New Mexico ce ta ɗauki wata hanya, tun 2021 ta koma lissafa ainihin abin da reno ke ci, albashi da haya da komai, ta yanka farashi a kai, kuma daga Nuwamban 2025 ta buɗe tallafin ga kowane gida ba duba samu. Mu a nan kuwa a 2025 aka fara sa sabbin masu neman baucha a layin jira, ma'ana in yaro ya tafi makaranta gurbinsa ba lallai ya cike da wuri kamar da ba. Saboda haka yanzu ina barin gurbi biyu ga masu biya da kansu, ko da sai na ɗan jira kafin su samu.